Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Matasa da Wasanni kan batun sa wa kokowa ɗamara mai launi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda masu horar da ƴan kokowa ne, da alƙalan fili, da waɗansu tsofaffin da suka ajiye walki, dukanmu daga jihar Maraɗi. Magana ɗaya ce ta kawo mu, ranka ya daɗe. Tun da yara suka fara zuwa judo da karate da taekwondo a manyan garuruwa, balle tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa ta taekwondo daga gasar Olamfik ta Rio a 2016, ake yawan tambaya: me zai hana kokowa ita ma ta samu ɗamara mai launi, fara ga sabon shiga, baƙa ga gwani, kowa ya san matsayinsa? Masu tambayar sun hango wani gurbi na gaske, za mu zo kansa. Amma amsarmu ita ce kada a ɗaura wa manyan ƴan kokowa ɗamarar jarrabawa. A ba su daraja a rubuce, wadda kaye ke hawar da ita, kaye ke saukar da ita. Matakan koyo kuwa a bar wa yara.

Da yawa na ɗauka ɗamarar nan al'ada ce ta tun kaka da kakanni. Jigoro Kano ne ya buɗe makarantarsa ta judo mai suna Kodokan a Tokiyo a 1882, bayan shekara ɗaya ya fara ba ɗalibansa darajar da suke kira dan. Shi malamin makaranta ne, tunaninsa na aji ne: ga ɗalibai sun yi yawa, yana son ya san wa ya kai ina. Da farko fara da baƙa kawai ake da su. Rawaya da kore da shuɗi da sauran launukan da muke gani yau a Turai suka yaɗu, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi da ya koyar a Paris tun daga 1935. Karate ma aro ta yi daga judo a 1924. Yadda ake samunta kuwa, ɗalibi ya cika wa'adin watanni ko shekaru, ya nuna dabaru masu suna a gaban masu jarrabawa, a wasu ƙasashe a haɗa da makin gasa idan ya kai ga baƙa. Judo na da jerin kaye arba'in da aka kasa kashi biyar, takwas-takwas, kowane da sunansa a littafi. In an ba ka ɗamara ba a karɓewa, ko ka shekara ashirin ba ka taka tabarma ba.

Ko masu abin ba da ita suke raba gardama ba. A gasar Olamfik ba a duba darajar dan wajen haɗa mutum biyu, nauyi ake dubawa da sakamakon wasannin baya. Alfaga a rukunin masu fiye da kilo 80 ya fafata a Rio, ya kuma zama zakaran duniya a 2017 a Muju ta Koriya ta Kudu, duka biyun da abin da ya yi a fage.

To a ɗauko wannan a aza wa kokowa. Da me za a jarraba mutum? Ba mu da littafin dabaru. Kamun da Bagobiri ke kira da suna kaza, ɗan Damagaram na da nasa sunan, Ba'are da Bazabarme na da nasu. Akwai gwanin da duk rayuwarsa dabara biyu ya riƙe, kamun ƙafa da taɗiya, amma ya san daƙiƙar da abokin karawa ke aza nauyinsa a ƙafa ɗaya, nan yake gamawa da shi. A gaban teburin jarrabawa wannan zai faɗi, yaron da ya haddace kamu ashirin ya wuce. Ranar da suka haɗu a da'ira, mai baƙar ɗamara ya sha ƙasa cikin minti ɗaya, maroƙa su samu abin waƙa, ɗamarar ta zama abin dariya tun daga ranar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai kuma tambayar wa zai bayar. Duk darajar da ke fitowa daga hannun mutum uku a zaune, tare da kuɗin jarrabawa da kuɗin takarda, ƙofa ce aka buɗe wa alfarma da ɗan na goro. Ƴan kokowarmu galibi manoma ne da makiyaya da masu aikin ƙarfi. Ɗan birni mai jika biyar a aljihu zai hau mataki, ɗan ƙauyen Mayahi ko Dakoro da ke iya kayar da shi da hannu ɗaya ya zauna da fara. Akwai ma matsalar da ke jikin ɗamarar kanta. A judo riga take riƙewa. Ɗan kokowa ba ya sa riga, kuma duk abu mai ƙarfi da aka ɗaura a ƙugu hannu zai neme shi. Kokowar da ake kama ɗamara wani wasa ne daban mai nasa dabarun, kamar sumo na Japan ko alish na Kirgistan. Ƙugun ɗan kokowarmu ma ai ba fili, guru da layu sun riga sun cika shi.

Gurbin da masu son ɗamara suka hango shi ne wannan. Tun 1975 da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa, wato gasar takobi, a Tawa zamanin Seyni Kunce, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko, daraja ɗaya tak muke da ita a hukumance: sarki. Jihohi takwas, kowace da mutum goma, tamanin ke nan. Kowace jiha ta kara da sauran bakwai, haɗuwa 28, wato karawa 280 kafin a zo ga waɗanda ba su faɗi ba. Kaye ɗaya ya fitar da mutum daga neman takobi. Wanda ya kayar da shida ya faɗi sau ɗaya, da wanda ya kayar da ɗaya ya faɗi sau shida, in baɗi ta zo ba wani matsayi da kowa ya sani da ke bambanta su, sai abin da jama'a suka tuna da abin da kirari ya riƙe. Kirari kuwa na mai kyauta ne. Manya irin su Salma Ɗan Rani da Langa-Langa da Kantu sun samu an sa wa filayen Doso da Damagaram da Maraɗi sunayensu, Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka ya ɗauki takobi har sau shida, ba mai buƙatar a gaya masa darajarsu. Na bayansu ne, ɗaruruwan da ke cika fili a Tasawa da Gidan Runji da Madarumfa da Agye bayan kaka, ba su da tsani.

In koyi za a yi, a yi shi da masu kokowa irin tamu. A Japan ana manyan gasannin sumo shida a shekara, kowace kwana 15, ba ruwansu da rukunin nauyi. Ɗan babban rukuni da ya ci takwas cikin 15 ya hau, wanda ya kasa ya sauka, kuma kafin kowace gasa ana buga jerin sunayen kowa daga sama har ƙasa. A Mongoliya kuwa, a bikin Naadam na watan Yuli, mutum 512 ke shiga a yawancin shekaru, zagaye tara, wanda ya faɗi ya fita, kamar dai namu. Bambancin shi ne ba sarki kaɗai ke komawa gida da suna ba. Wanda ya wuce zagaye biyar ya zama shaho, bakwai giwa, tara zaki, kuma sunan nasa ne har mutuwa. Duka biyun ba jarrabawa, abin da aka gani a fili shi aka rubuta.

Ga yadda muke ganin za a tsara namu. Tushen komai kati ne da littafi. Kowane ɗan kokowa da ke son a riƙa ƙirga masa karawa ya samu kati mai hoto, da sunan yanka, sunan uba, laƙabi, gari, ranar haihuwa, da lamba ɗaya da ba ta sakewa ko ya bar Maraɗi ya koma yi wa wata jiha kokowa. Lambar nan ita ce muhimmiya, don da laƙabi ake sanin ƴan kokowa, kuma za a iya samun Dogo biyar a gunduma guda. Kowace gunduma ta samu littafi mai kwafi uku. Layi ɗaya karawa ɗaya: rana, wuri, lambobin mutum biyun, wanda ya faɗi, yadda aka rabu, ko kaye ne ko gargaɗi ko rauni, sai sa hannun alƙali da dangwalen yatsan su biyun. Kwafi ɗaya ya zauna a gunduma, ɗaya ya tafi jiha, ɗaya hukumar kokowa ta ƙasa. Kafin a watse a ɗauki hoton shafin da waya a tura ta WhatsApp a daren. Shafin da ya kwana uku a aljihun wani, an san abin da ke samunsa.

Matakai huɗu sun isa: ɗan fage, gwani, barde, gwarzo. Sarauta tana nan wurin takobi, ba mai taɓa ta. Lissafin maki kuwa ya zama wanda manomi zai iya yi da yatsa a ƙasa. Ka kayar da na matakinka, maki biyu. Na sama da kai, huɗu. Na ƙasa da kai, ɗaya. Na sama ko tsaranka ya kayar da kai, ba ka rasa komai. Na ƙasa ya kayar da kai, a cire uku. Misali gwani ya yi karawa goma: ya kayar da gwanaye huɗu, takwas ke nan, ya kayar da barde ɗaya, sha biyu, ya kayar da ƴan fage biyu, sha huɗu, barade biyu suka kayar da shi, yana nan a sha huɗu, sai wani ɗan fage ya ba shi mamaki, ya dawo sha ɗaya. Makin watanni 24 na baya kawai za a riƙa ƙirgawa, don mai ciwon da ya rasa kaka ɗaya kada ya faɗo gaba ɗaya, wanda ya daina kuma kada ya tare wa na baya hanya. Kada a hawar da kowa sai ya yi aƙalla karawa 12 a cikin wa'adin. A fitar da jerin sau biyu a shekara, ɗaya kafin zaɓen goman da za su wakilci jiha, ɗaya kafin damina ta kankama mutane su koma gona, a karanta a rediyo, a liƙa a ƙofar fili. Ba mu ce jerin ya maye gurbin karawar zaɓe ba. Amfaninsa shi ne wanda aka bari a gida alhali yana na uku a jere zai samu takardar da zai nuna, wanda aka ɗauka yana na arba'in kuma sai an yi bayani.

Inda wannan tsari zai iya lalacewa mun san shi, gara mu faɗa tun yanzu. Mafi girma shi ne sayar da kaye. Da zarar maki ya zama abin da ke kai mutum ga tawagar jiha, za a samu mai cewa ka faɗi mini yau, in faɗi maka gobe. Sumo da duk tsaurinsa bai tsira ba, a 2011 sai da aka soke gasar watan Maris saboda an kama ƴan wasa suna shirya wanda zai faɗi. Maganin da muke gani: mutum biyu ko sun kara sau goma a kaka ɗaya, biyu kawai za a ƙirga; ƙuri'a ce za ta haɗa karawar da ake ba maki, a jefa ta a gaban jama'a; ƴan gari ɗaya ko masu mai horarwa ɗaya ba a ƙirga musu sai a zagayen ƙarshe na gasa; wanda aka tabbatar ya sayar, shi da mai saye a share musu makin shekara biyu. Sai gudun karo. Barde zai fara ƙin shiga fili da matashi mai tashe don kada a cire masa uku. Shi ya sa wanda ƙuri'a ta haɗa ya ƙi fitowa ba tare da takardar likita ba, a rubuta masa faɗuwa. Akwai kuma tsoron da ya fi damun tsofaffinmu, kada takarda ta kashe kokowar dandali. Wannan a bayyana shi ƙarara: kokowar farin wata da ta bikin kaka ba ruwanta da kati, kowa ya tuɓe riga ya shiga kamar yadda aka gada. Karawar da alƙali mai rajista ya tsaya a kanta ce kaɗai ke shiga littafi.

Wani abu da muke roƙo a ara daga Mongoliya: wanda ya taɓa kaiwa huɗun ƙarshe a gasar takobi ya samu suna na dindindin da katin da zai shiga kowane fili kyauta, a kuma duba yadda za a sauƙaƙa masa ganin likita. Gwiwa da baya ba sa yafe wa ɗan kokowa in girma ya zo, kuma kyautar da aka zuba masa ranar nasara ba ta kai shi shekara sittin.

Yara kuwa, a nan ne tunanin Jigoro Kano ke da amfani, don yaro ɗalibi ne, kuma akwai abin da ya wajaba ya iya kafin a sake shi. Matakai uku muke ba da shawara ga ƴan shekara 8 zuwa 14, tsakanin mataki da mataki aƙalla wata shida. Na farko faɗuwa ce zalla. Yawancin karayar da ake samu wajen yara daga abu ɗaya take, yaro na faɗuwa ya miƙe hannu ya tokare ƙasa, nauyinsa da na abokinsa su sauka a wuyan hannu ko gwiwar hannu ko ƙashin kafaɗa. A koya masa ya manna haɓa a ƙirji, ya lanƙwasa baya, ya tattara hannu a jiki. Jarrabawarsa ya faɗi sau goma ta baya, goma ta dama, goma ta hagu, ƙeya ba ta taɓa rairayi ba. Na biyu tsayuwa da kamu da kariya: gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙafafu ba a jere ba, in an kawo masa kamun ƙafa ya ja ƙafafu baya ya danne da ƙirji. Na uku taɗiya da harɗe da ɗauka, da sharaɗin wanda ya ɗauka shi ke da alhakin saukarwa. Yaron da ya ɗaga ɗan'uwansa ya kife shi ta kai, ko ya kayar a rubuta masa faɗuwa. Alamar mataki a ɗinka ƙyalle mai faɗin yatsa biyu a gefen gajeren wando, ba a ƙugu ba. Jarrabawa kyauta, mai jarrabawa daga wata gunduma. Yaro na cika 15 ƙyallen ya gama aikinsa, ya shiga lissafin kaye a rukunin matasa.

Ga yara, nauyi ya fi shekaru muhimmanci, don da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu kuma an yi musu ita daga baya da shekarun da suka yi wa wani daɗi. Ranar haihuwar da aka rubuta a katin farko, bayan an duba rajistar makaranta ko katin rigakafi, ita za ta zauna ba gyara. Kada tazarar yara biyu ta wuce kilo biyar. A auna su ranar karawar, awa ɗaya ko biyu kafin a fara, don in aka auna tun jiya masu horarwa za su fara hana yara ruwa su sauke kilo, kuma a zafin Afrilu na Maraɗi da ke haura digiri 40 wannan wasa da rai ne. Sikeli a aza shi a kan siminti ko katako, a kan rairayi ƙarya yake yi. A gwada shi da jarkar ruwa mai lita 20, ya nuna kilo 20 da ɗan nauyin jarkar. Rairayin da'ira a tankaɗe shi, zurfinsa ya kai taƙi guda, a tsince tsakuwa da fasasshiyar kwalba, a kewaye da buhunan rairayi. Karawar yara kada ta wuce minti uku, a yi ta da safe ko bayan la'asar. Yaron da kansa ya bugu ya fara jiri ko amai, ya gama na ranar, ko ubansa ya rantse lafiyarsa lau, sai likita ya gan shi.

Ba mu ce a sa rukunin nauyi a gasar takobi ba. Daɗinta ke nan, ƙaramin mutum ya kayar da ƙato fili ya ɗauki kuwwa. Amma a gasannin ƙasashen Afirka ta Yamma da nauyi ake karawa, kilo 66, 76, 86, 100 da 120, kuma in littafi na ɗauke da nauyin kowa, mai zaɓen tawagar ƙasa ba zai tsaya neman ɗan kilo 66 ana saura mako biyu tafiya ba.

Waɗanda jarrabawa ta dace da su da gaske mu ne, alƙalai da masu horarwa. Alƙalin gunduma, na jiha, na ƙasa, kowane da gwajin dokoki da adadin karawar da ya tsayar a ƙarƙashin idon na sama da shi, a sabunta duk shekara biyu. Duk tsarin da muka zayyana a kan sa hannun alƙali ya rataya. Mai horar da yara kuma kada a ba shi izini sai ya iya taimakon gaggawa, ya san karaya daga targaɗe, ya san ba a jan wuyan wanda ya faɗi ta kai.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, kada a fara da ƙasa baki ɗaya. A ba hukumar kokowa umarni ta gwada a jihar Maraɗi kaka biyu. Gundumomi takwas ne da birnin Maraɗi, wato sikeli tara, littafi tara da na canji, tawadar dangwale, kati, da horon kwana uku ga alƙalai biyu-biyu daga kowace gunduma, a yi shi a filin Kantu. A sanar da Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri da sauran sarakuna tun farko, don ba a buɗe fili a ƙauye ba da saninsu ba. Bayan kaka biyu a ɗauko jerin a aza shi kusa da sakamakon ƴan Maraɗi a gasar takobi. In na saman jerin su ne suka fi daɗewa a tsaye, a kai tsarin sauran jihohi bakwai. In ba su ba ne, a zauna da mu a gyara lissafin maki kafin a ƙara kashe ko dala.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Daga waɗansu masu horar da ƴan kokowa, alƙalan fili da tsofaffin ƴan kokowa,
Maraɗi